Yadda ake naɗa kwayil ɗin sigarin lantarki da hannu, daga yankan waya zuwa sa lagwani

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai naɗin kwayil na fanka ko na janareta ya san yadda aikin yake: waya a hannu, ƙirga a baki, ido ba ya barin abin da ake naɗawa. Kwayil ɗin sigarin lantarki ƙanin wancan ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na fanka wayar jan ƙarfe ce, ana so wuta ta ratsa ta salin-alin. Na sigarin lantarki kuwa waya ce mai taurin kai, tana yi wa wuta turjiya har ta ɗau zafi, zafin ya dafa ruwan nikotin da auduga ta tsotso ya mai da shi tururi. Tun da wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙera na'urar a 2003, siffarta ta canza sau da yawa, amma zuciyarta a yau abu uku ne: batir, waya, lagwani.

Bari in faɗi wanda nake yi wa magana. Ina magana ne da babban mutum da ya daɗe yana shan taba, ya koma wannan na'ura don ya rabu da karan sigari, ya kuma gaji da sayen kwayil na kanti duk mako biyu. In ba ka shan taba, kada ka fara wannan. Nikotin yana kama mutum kamu mai wuyar saki, kuma hatta hukumomin lafiya na Ingila da suke cewa tururin bai kai hayaƙin taba illa ba, ba su taɓa cewa ba shi da illa ba. Yaro da mai juna biyu kuwa babu ma zancensu.

Naɗin kansa, wanda yawancin mutane ke tsoro, cikin yini guda hannunka zai faɗa. Abin da ke raunata mutane shi ne batir, shi ya sa zan daɗe a kansa kafin mu taɓa waya.

Kan da ake gini a kansa

Ba kowace na'ura ce ake naɗa wa kwayil ba. Sai mai kan da ake kwancewa, wanda ke da ɗan faranti a ciki da turaku biyu ko huɗu masu noti, inda ake ɗaure ƙafafun waya. A jikin kwali za ka ga an rubuta RDA ko RTA. RDA ba shi da tanki, ɗiga ruwa ake yi a kan audugar kai tsaye bayan 'yan zuƙe-zuƙe. RTA yana da tanki, ruwan yana gangarawa ta wasu ƙananan ramuka zuwa auduga. Mai koyo ya fara da RDA mai ɗaukar kwayil ɗaya, domin a buɗe yake, kana ganin duk abin da ka yi, in ka yi kuskure ka cire murfi ka gyara nan take.

Waya

Kanthal A1 ita ce wayar farawa. Gamin ƙarfe ne da kuromiyom da alminiyom, wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya fito da shi tun cikin shekarun 1930. Tana riƙe siffar da aka lanƙwasa ta, tana jure zafi, kuma turjiyarta ba ta wani sauyawa ko ta yi ja. Sai Ni80, wato nikel kashi 80 da kuromiyom kashi 20, wadda ta fi saurin ɗaukar zafi, turjiyarta kuma ta fi ƙasa. Sai SS316L, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ya fi su duka ƙarancin turjiya, kuma turjiyar tasa tana hawa in ya yi zafi. Wanda fatarsa ke yin ƙaiƙayi da ƙuraje in ya ɗaura agogo ko zobe mai nikel ya tsaya a Kanthal, don Ni80 da SS316L duk akwai nikel a cikinsu.

Akwai wasu biyu, Ni200 da titaniyom, da ake amfani da su kawai a na'urar da ke kayyade zafi da kanta. Ba a gasa su har su yi ja. Mai koyo ya bar su inda ya gan su.

Kaurin waya ana rubuta shi da lamba da haruffan AWG, kuma lissafin a juye yake: in lamba ta hau, waya ta sirance. Lamba 24 kaurinta kusan milimita 0.51 ne, 26 kusan 0.40, 28 kusan 0.32. Siririyar waya ta fi turjiya, kamar yadda siririn bututu ya fi hana ruwa gudu. Da om ake auna turjiya: Kanthal lamba 26 tana ba da kusan om 11 a kowace mita, lamba 28 kusan om 18, lamba 24 kusan om 7.

Ina roƙonka da babbar murya: kada ka naɗa wayar da ba ka san asalinta ba. Wayar ɗauri ta magina, wayar jan ƙarfe daga tsohuwar rediyo, ragowar wayar risho na lantarki, duk babu. Wayar da aka shafe da tutiya tana fitar da hayaƙi mai guba in ta yi zafi, jan ƙarfe kuma ba shi da turjiyar kirki, ɗora shi daidai yake da haɗa kan batir da gindinsa. Ko wayar da aka yi don aikin ma ba ta fita fes ba. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun wallafa a 2018 cewa sun sami dalma da nikel da kuromiyom da manganis a tururin na'urorin da suka gwada. To ina ga wayar bola?

Lissafin da ba a tsallakewa

Dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce jagorar aikin gaba ɗaya, kuma layi ɗaya ce: ka raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da ake ja daga batir. Batirin litiyom da ya cika caji yana ba da bolt 4.2. In kwayil ɗinka om 0.8 ne, 4.2 a raba da 0.8 ya ba da amfiya 5 da ɗoriya. In om 0.4 ne, amfiya 10.5. In om 0.15 ne, amfiya 28. Ka lura da yadda abin ke tashi: ɗan ragin da ido ba ya gani a jikin waya, a wajen batir kaya ne mai nauyi.

Kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai iya bayarwa ba tsayawa ba tare da ya yi zafin da ya wuce ƙima ba. Samsung 25R, alal misali, amfiya 20 ne. Samsung 30Q ya fi shi riƙe caji, amma iyakarsa amfiya 15. Haka abin yake a kullum, in an ƙara wajen riƙe caji sai a rage wajen ƙarfin fitarwa. Kuma ba a kai batir bakin iyakarsa. Mai amfiya 20, ka ɗauke shi kamar mai 16, ka ga ke nan kwayil ɗin da ya gaza om 0.26 bai dace da shi ba a na'urar da ba ta da kariya.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai mai ƙwaƙwalwa, mai ɗan gilashi da ke nuna wat da om, wadda ke ƙin tashi in waya ta haɗu, tana kuma yanke wuta in an daɗe ana danna maɓalli. Akwai kuma wadda bututun ƙarfe ne zalla da maɓalli, babu komai tsakanin batir da kwayil. Wannan ta biyu ba ta mai koyo ba ce, ko kaɗan. A watan Mayun 2018 wani mutum a jihar Fulorida ta Amurka ya rasu bayan irin wannan na'ura ta fashe, gutsuren ƙarfe ya shige kansa. Batirin litiyom in aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, zafi ne ke haifar da zafi a cikinsa har ya yi aman wuta, kuma in yana cikin rufaffen bututu, iskar ba ta da hanyar fita sai ta fasa.

A na'ura mai ƙwaƙwalwa lissafin ya ɗan bambanta, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ba turjiyar kwayil ce ke yanke yawan wutar da ake ja ba, wat ɗin da ka saita ne. Ka raba wat da bolt 3.2, wato wajen inda na'ura ke cewa caji ya ƙare, sannan ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda asarar da ƙwaƙwalwar ke yi. Wat 60 a batir ɗaya ya kai amfiya 20 har da ɗoriya. Wat 20 kuwa bai kai amfiya 7 ba. In batir biyu ne, sai su raba kayan.

Yanzu ga matsalar kasuwanninmu. Batirin da ake kira 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne tsayinsa 65, shi ne dai wanda ke cikin tocila mai caji da ƙaramar fanka da tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Ana fasa tsofaffi a ciro su, a sa musu sabuwar riga, a buga lambar da aka ga dama. In ka ga an rubuta mAh 6000 ko 9900, wato yawan cajin da yake riƙewa, a jikin 18650, ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya yawanci ba ya wuce wajen 3500. Irin wannan zai iya haska tocila shekara guda lafiya lau, don tocila ba ta jan wutar kirki, amma ba zai ɗauki kwayil ba. Na taɓa sayen wasu guda biyu da aka rantse min na asali ne, zuƙa uku na yi na ji akwatin ya yi zafi a tafin hannuna. Na cire su a take, ban sake mai da su ba. Batir mai kyau ɗumi yake yi, ba ya ƙuna.

Ka riƙa duba rigar batir kowane lokaci. Jikin ƙarfen gaba ɗaya gindi ne, ɗan tsakiyar saman nan ne kawai kai, siririyar robar ce ke raba su da jikin na'ura. In ta yage ko da ƙwayar gero ce, a sake riga ko a ajiye batirin. Kada ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, kada kuma ka bar shi a mota a rufe cikin ranar bazara.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Sandar naɗi mai kaurin milimita 2.5 ko 3, in babu, gindin bakin injin huda mai wannan kauri ya wadatar. Ƙaramar filaya mai yanka waya daf da jiki. Sukundireban da ya zo da kan na'urar. Hantsaki mai bakin tangaran, domin tangaran ba ya ɗaukar wuta. Almakashi mai kaifi. Auduga. Sai ma'aunin om, wanda ake ɗaura kan na'urar a kansa ya nuna turjiya. Mitar masu gyaran rediyo ba ta cika daidai a ƙananan lambobi irin waɗannan ba, don wayoyinta kansu suna da tasu turjiya. In ita kaɗai gare ka, ka haɗa bakunan biyu tukuna, ka ga abin da ta nuna, ka riƙa debe shi daga sakamako. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma tana aunawa.

Naɗin

Za mu yi kwayil ɗaya da Kanthal lamba 26, zagaye bakwai a sanda mai milimita 2.5. Tun kafin ka yanka za ka iya sanin abin da zai fito. Kowane zagaye yana cin milimita 9 da ɗoriya na waya, bakwai sun ci 64, ƙafafu biyu su ƙara kamar 8, jimla 72. A om 11 kowace mita, ka sami kusan om 0.8. In zuƙa irin ta karan sigari kake so, wadda ake tara tururi a baki kafin a haɗiye, yi amfani da lamba 28, zagaye bakwai ɗin za su ba ka kusan om 1.2.

Wanke hannu da sabulu. Yanki waya kamar santimita 15, ya fi abin da kake buƙata, amma gara ta yi saura da ta gaza. Goge ta da ɗan ƙyalle mai sifirit saboda maiƙon masana'anta.

Riƙe sanda a hannun hagu, ka danne bakin wayar da babban yatsa, ka bar kamar santimita 3 a waje. Wannan ita ce ƙafa ta farko. Da hannun dama ka ja wayar ta miƙe sosai, sannan ka zagaya. Sirrin duka yana cikin jan nan. Wayar da aka naɗa sakwa-sakwa ba ta gyaruwa daga baya. Kowane zagaye ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ya hau kan ɗaya. Ƙirga a bayyane. Zagayen farko kusan kullum a karkace yake fitowa, saboda haka ka yi takwas, sannan ka kama ƙafar farko da filaya ka warware na farkon, bakwai masu kyau su rage. Ƙafafu biyun su ƙare suna kallon gefe guda. Kafin ka zare, kama kowace ƙafa da filaya ka ɗan ja, sannan ka tura zagayen da farce su matsu da juna.

Wannan shi ne naɗi mai manne. Akwai kuma mai tazara, inda ake barin ɗan fili daidai-wa-daida tsakanin zagaye. Hanya mafi sauƙi ita ce ka naɗa shi da faɗi, sannan ka matse shi gaba ɗaya a jikin sanda ka saki, zai buɗe da kansa da tazara iri ɗaya. Mai tazara ba ya ba da wahala wajen gasa shi, amma yana cin wuri kuma ya fi tofar da ruwa. Ni na fi son mai manne a ƙaramin faranti.

Ɗaurawa da awo

Ɗaura kan na'urar a ma'aunin om ko a na'urar da aka kashe, don ya tsaya maka. Sassauta noti biyun. Kada ka zare sanda daga cikin kwayil, ita ce ke riƙe masa siffa. Zura ƙafa ɗaya a turken kai, ɗaya a turken gindi, ka matso da kwayil kusa da turakun ba tare da ya taɓa su ba. Ƙafa in ta yi tsawo tana ƙara turjiya, tana kuma yin ja ita kaɗai a inda babu auduga. Ɗaure noti har ka ji ya kama, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsaya. In ka matsa da ƙarfin tsiya zai datse wayar.

Da sandar nan za ka daidaita masa zama. Ya tsaya a miƙe, saitin ƙofar iska, da tazarar milimita ɗaya zuwa biyu daga faranti. Iskar da ke bugun kwayil ita ce ke ɗauko ɗanɗano, ita ce kuma ke sanyaya shi. Sannan ka datse ragowar ƙafafu daf da turke, ka karkaɗe farantin. Ɗan guntun wayar da ya faɗa ciki ya maƙale ya isa ya haɗa wuta.

Yanzu zare sanda ka auna. Ya kamata ka ga wani abu tsakanin 0.75 da 0.9. In ka ga 0.1 ko ƙasa, wani wuri yana taɓa wani, nemo shi. In lamba tana rawa, tana hawa tana sauka, noti bai kama ba. Sa murfi ka sake aunawa, domin sau da yawa kwayil ba ya taɓa komai sai an rufe. Lambar da murfi da ba murfi dole ta zama ɗaya. Ba a danna maɓalli sai an ga wannan lamba da ido, ko da kwayil na ɗari ne kake naɗawa.

Gashi

Cire murfi, saita na'ura a wat 12 zuwa 15, ka koma inda haske bai yi yawa ba. Danna maɓalli na daƙiƙa ɗaya ko biyu ka saki, ka sake, ka sake. Abin da kake nema shi ne ja ya fara daga tsakiyar kwayil ya bazu zuwa gefuna biyu a tare. Da farko ba haka zai yi ba. Za ka ga zagaye ɗaya ya yi fari fat sauran suna baƙi, ko ƙafa ta riga jiki yin ja. Dalili shi ne sabuwar waya tana barin wuta ta tsallaka daga zagaye zuwa zagaye ta inda suka manne. Zafin yana sa Kanthal ta yi wata siririyar fata a jikinta wadda ke hana tsallaken.

Maganinsa biyu. Ka goga bakin hantsaki a bayan kwayil daga gefe zuwa gefe a hankali, kamar mai kaɗa tsirkiyar garaya. Sannan yayin da yake da zafi ka ɗan matse shi ta gefuna biyu. In hantsakinka na ƙarfe ne, sai ka ɗaga yatsa daga maɓalli kafin ya taɓa waya. Maimaita har jan ya daidaita. Ja mai duhu irin na garwashin da ya fara kwanciya ya isa, kada ka kai shi ruwan lemo mai haske, don wuce gona da iri yana cinye wayar. SS316L ma ya fi son a bi shi a hankali ƙwarai.

Bar shi ya huce sarai. Sake taɓa kowane noti, saboda zafi yana sassauta su. Sake aunawa.

Lagwani

Wanda ya taɓa sa wa fitilar ƙwai ko risho lagwani ya riga ya san rabin wannan darasi: in ya cika matsewa mai ba ya hawa, in ya yi sako-sako ya yi ambaliya. A gaskiya a nan gwaninta take, ba a naɗi ba. Kwayil mummuna da lagwani mai kyau ya fi kwayil kyakkyawa da lagwani mara kyau daɗin sha.

Audugar da aka saba da ita ita ce ta Japan mai zuwa falle-falle, wadda ba a wanke da sinadarin faranta kaya ba, ko wadda aka yi musamman don wannan aiki. Na san za a ce ga auduga a gonakin Funtuwa da Gusau, me ya kai mu Japan? Ɗanyar audugar gona tana ɗauke da maiƙonta na halitta da ke hana ta shan ruwa, ga ƙura, ga ragowar maganin feshi. Ba abin da za ka ɗora a kan wuta ka zuƙa ba ne.

Yanki tsiri bisa tsawon zaren, ba a gicciye ba, faɗinsa kamar ninki biyu na ramin kwayil. Ɓare siririyar fatar sama da ta ƙasa. Mulmula shi kaɗan tsakanin tafuka, ka murza baki ɗaya ya yi tsini, ka zura, ka jawo ta ɗaya gefen. A nan ka saurari hannunka. Ya kamata ka ji audugar tana ɗan riƙewa, amma tana tafiya. In tana jan kwayil har ya karkace, ta yi yawa, zare ka rage. In ta wuce sulluɓ, ta yi kaɗan, sake yanka wata. Kada ka ji ƙyashin zubar da tsiri biyu ko uku.

Datse jelar kowane gefe daidai inda za ta taɓa ƙasan faranti in an lanƙwasa ta. Tsefe bakin jelar da tsinin hantsaki ta yi laushi, sannan ka sauke ta cikin rijiyar ruwa, wato kwarmin ƙasan faranti. Sauke ta za ka yi, ba cusawa ba. Ƙarƙashin kwayil ya zauna fili don iska ta wuce. A RTA kuwa jelar ta rufe ramin da ruwa ke shigowa ba tare da ta toshe shi ba, kuma wannan sai an yi ta gwadawa, don kowane tanki da halinsa. Yanayi ma yana da ta cewa. Gilisarin da ke cikin ruwan yana tsinkewa da zafi, yana kauri da sanyi, saboda haka lagwanin da ya yi daidai a hunturu yana iya yoyo a watan Afrilu.

Zuƙar farko

Ɗiga ruwa a kan kwayil da jela biyun har audugar ta jiƙe sharkaf, babu sauran fari. In tanki ne, cika shi ka jira minti biyar. Fara da wat 14, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. Kwayil irin namu yakan yi daɗi tsakanin wat 16 da 22, mai om 1.2 kuma tsakanin 10 da 14.

Ƙarfin nikotin ya bi yawan tururi. Ruwa mai miligiram 20 zuwa 50 a kowace mililita an yi shi ne don ƙananan na'urori masu ɗan tururi. Tarayyar Turai ma ba ta yarda a sayar da wanda ya wuce 20 ba. In ka zuba irinsa a kwayil mai ƙarfi za ka ji jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji. Masu babban tururi 3 ko 6 suke sha. Kuma kada wani abu mai mai ya shiga tankinka, ko man zaitun, ko turare, ko wani haɗin gida. A 2019 cutar huhu ta ɓarke a Amurka, ta kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu, aka gano babban dalilin wani mai ne na bitamin E da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya narkar da mai. Kwalbar ruwan kuma a kulle ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, ƙamshinta na alewa ne, kurɓa kaɗan tana iya halaka ƙaramin yaro.

In ka ji ƙauri, tsaya nan take. Audugar ta bushe ne, ko don ta cika matsewa, ko wat ya yi yawa, ko ka manta ɗigawa. Ba ɗanɗano kaɗai ke ɓaci ba, ruwan da ya ƙone yana fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid. Audugar da ta riga ta ƙone ba ta dawowa, sai sabuwa. In ruwa yana fita ta ƙofar iska ko kana jin ƙarar kurkura, audugar ta yi kaɗan. In yana tofo maka ɗigo mai zafi a harshe, ruwa ya yi yawa a kan kwayil ko wat ya yi ƙasa. In tururi yana fita amma ba ɗanɗano, duba saitin kwayil da ƙofar iska.

In hannu ya faɗa

Za ka so gwada kwayil biyu. Ka tuna cewa biyu a faranti ɗaya suna raba turjiya gida biyu: mai 0.8 da mai 0.8 sun zama 0.4, wat ɗin da ake buƙata kuma ya ninka. Dole su zama tagwaye a komai, waya ɗaya, zagaye ɗaya, tsawon ƙafa ɗaya, kuma su yi ja a lokaci guda. Akwai kuma wayar da ake kira Clapton, wadda aka naɗe siririya a kan mai kauri kamar tsirkiyar jita. Tana riƙe ruwa a tsakanin zarenta, ɗanɗano ya ƙaru, amma tana jinkirin zafi, tana shan batir da ruwa. Duk wanda za ka gwada, koma kan lissafin amfiya tukuna.

Auduga ana sake ta duk bayan kwana uku zuwa mako guda, ruwa mai zaƙi sosai ya fi saurin baƙanta ta. Kwayil ɗin Kanthal kuwa yana iya kai wata biyu ko fiye. In za ka sake lagwani, zare tsohon, ka ɗan gasa kwayil a ƙaramin wat har dattin ya ƙone, ka bari ya huce, ka cire kan daga na'ura ka ɗauraye shi da ruwa, ka goge da tsohon buroshin haƙori mai tsabta. In ya bushe ka auna, ka duba jan. Ranar da ka ga wayar ta yi ƙuraje, ko ta ƙi yin ja daidai duk yadda ka goga, ko lambar om ta kauce daga inda ka san ta, kwance noti ka jefar da ita ka yanko sabon santimita 15.